Shawarwari 12 Ga Mai Son Ɗora Wa Kekensa Inji Don Hawan Tudun Ikorodu

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya shiga sahun kuɗin cefane a lissafin magidanci. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta kusa ninkawa uku cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000. Shi ya sa wasu daga cikin mutanenmu na Sabo a Ikorodu da na Agege suka kakkaɓe tsofaffin kekunansu. Sai dai Ikorodu ba shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba ce irin ta Kano. Duk wanda ya kutsa lungunan Isawo, Igbogbo ko Ijede ya san hawa da gangara da kwazazzaban da ruwan sama ya zaizaye. Mai keke da kaya a kariya, turawa yake yi yana haki.

Ɗora wa keke ƙaramin inji tsohuwar dabara ce. Da ita Soichiro Honda ya fara a garin Hamamatsu na Japan a 1946, yana liƙa wa kekuna injinan janareton rediyon soja da suka yi saura bayan yaƙi. A shekarar ce kuma Faransa ta fara sayar da VéloSoleX, wanda dattawan ƙasashen renon Faransa ba su manta da shi ba. Yau kayan haɗin daga Sin suke zuwa a kwali guda: inji, tanki, kafireta, salansa, kaca da sauran tarkace. Abin da ya kamata ka riƙe tun farko shi ne, a kan tudu jaki ake nema ba dokin sukuwa ba. Ƙarfin ja da birki mai kamawa su ne gaba, gudu kuwa shi ne na ƙarshe.

1. Fara sanin doka kafin ka zare kuɗi

Keke mai inji, a idon jami'in da ya tare ka, babur ne, don haka kai ma ka ɗauke shi a haka. Dokar hanya da Gwamna Babatunde Fashola ya sa wa hannu a 2012 ta hana babura bin hanyoyi 475 a Legas, har da babban titin Ikorodu. Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya hana acaɓa gaba ɗaya daga 1 ga Yunin 2022 a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, sannan daga 1 ga Satumban shekarar ya ƙara da Kosofe, Mushin, Shomolu da Oshodi-Isolo. Kasuwar Mile 12 a Kosofe take. Ke nan kada sha'awar ɗauko kwandon tumatir da kanka ta ja ka can, domin babur ɗin da aka kama murƙushe shi ake yi. Ko masu kai saƙo da aka yarje wa hawa manyan tituna, sai da inji mai 200cc da izini. Naka na cikin unguwa ne: gida zuwa shago, shago zuwa masallaci, ko tashar jirgin ruwa ta Ebute. Ka je ofishin rajistar ababen hawa ka ji abin da ake buƙata na lamba da takardu kafin ka sayi ko da noti ɗaya.

2. Zaɓi keken da zai iya ɗaukar inji

Ba kowane keke ne ke jure girgizar inji ba. Nemi na baƙin ƙarfe, mai firam na maza wanda tsakiyarsa ke da fili mai kusurwa uku, bututunsa kuma kaurin milimita 25 zuwa 29, domin maƙalan injin da wannan awon aka ƙera su. Guji na alminiyom da mai sifirin a tsakiya. Idan na hannu za ka saya, ka kife shi ka duba duk inda aka yi walda, musamman wajen wuya da ƙarƙashin feda, saboda iskar bakin ruwa ta Legas tana cin ƙarfe ta ciki. Tsatsar da ta kumbura fenti alama ce ta ka bar shi. Wilin baya ya kasance mai sifok 36, masu kauri, ba ko ɗaya da ya saki. Tsohon Raleigh ko Phoenix yana da ƙarfin jiki, amma birkinsa na sanda ba na wannan aikin ba ne, sai an sauya. Kada kuma ka yarda wani ya huda maka firam don ya ɗaure inji, nan ne zai fara tsagewa.

3. San injin da kake saya

Mafi yawan abin da ake tallatawa da sunan 80cc, in aka auna, 66cc ne zuwa 69cc. Akwai kuma ƙaninsa mai 49cc. Don hawan tudu ɗauki babban. Ƙarfinsa bai wuce na doki 2 zuwa 3 ba, kayan haɗin gaba ɗaya kuma za su ƙara wa keken nauyin kusan kilo 10. Irin injin da ake gauraya wa fetur da mai ne, ɗan gidansu ƙaramin janareton Tiger da ke ƙofar kowane shago. Wannan ma rahama ce, domin duk mai gyaran janareton da ya ƙware a unguwarku zai gane cikinsa. Kafin ka biya, a buɗe kwalin a gabanka, ka ƙirga kaya, ka cire fulogi ka juya injin da hannu ka ji ko fistan na tafiya ba gargada. Akwai mai 49cc da ke shan fetur zalla, ya fi shiru da daɗewa, sai dai ya fi faɗi da tsada. Na lantarki, irin Bafang da ake ɗaurawa a wajen feda, ya fi duka iya hawa saboda yana amfani da giyar keken, amma kuɗin batirinsa da rashin tabbas na wuta su ne abin dubawa.

4. Sifiroket ɗin baya shi ne sirrin hawan tudu

Wannan injin giya ɗaya gare shi. Abin da ke yanke hukunci tsakanin ƙarfi da gudu shi ne farantin nan mai haƙora da ake ɗaurawa a wilin baya. Wanda ke zuwa a kwali yawanci haƙora 44 ne, na jikin inji kuma 10. A cikin injin ma akwai ragi na kusan 4.1. In ka haɗa lissafin, sai inji ya juya sau 18 kafin taya ta juya sau ɗaya. Da taya mai inci 26, inji na juyi 6,000 a minti, za ka yi gudun kilomita 40 a awa. Sa mai haƙora 56, gudun ya sauko zuwa kilomita 32, amma ƙarfin ja ya ƙaru da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan ƙarin shi ne bambancin wanda ya haye da wanda injinsa ya mutu a tsakiyar hawa.

Idan kai ba mai jiki ba ne kuma ba ka ɗaukar kaya, 48 ko 50 ya isa. Idan kana da nauyi, ko kana ɗora jarkar ruwa mai lita 25, wadda ita kaɗai kilo 25 ce, nemi 56. Mai tsohon keke mai taya inci 28 shi ma ya ƙara haƙora, domin babbar taya tana rage ƙarfi. Samari za su zuga ka ka sa mai 36 don ka riƙa tsere wa Keke Marwa. Kada ka biye musu. Ka kuma auna fili tukuna: faɗin mai 56 ya kai santimita 23, yana iya gogar firam.

5. Ɗaura sifiroket da natsuwa, a nan ake yawan kuskure

Ana ɗaure shi ne a jikin sifok da robobi biyu masu kauri da ƙusoshi tara. Kada ka ƙulle noti ɗaya tamau sannan ka koma na kusa da shi. Ɗaura su duka sako-sako, sannan ka riƙa bi ɗaya nan ɗaya can tsallake, rabin juyi rabin juyi. Kife keken, ka riƙe alli daf da bakin haƙoran, ka juya taya a hankali. Inda allin ya taɓa ya bar fari, nan ne ya turo, sai ka sassauta can ka matse nan. Ka yi haka ta gefe, ka yi ta sama, har karkacewar ta gaza milimita ɗaya da rabi. Aikin yana cin lokaci, amma sifiroket mai rawa shi ke sa kaca tana tsukewa tana saki a kowane juyi, daga nan sai ta zame ko ta tsinka sifok. Idan ka samu maƙalin da ke kama hob kai tsaye, ya fi na roba, musamman ga mai haƙora da yawa, saboda duk ƙarfin hawa a kan sifok yake sauka.

6. Zaunar da inji daram, ka sauya ƙusoshin kwali

Maƙalan inji biyu, na gaba da na baya, su kwanta a jikin bututu ba tare da gibi ba. Wasu suna cusa tsohon tub a tsakani wai don rage girgiza. Roba tana ba inji damar motsi, motsin kuma shi ke karya ƙusa. In akwai gibi, a cike shi da ƙarfe. Ƙusoshin da ke zuwa a kwali ba su da ƙwari. Ka je wurin masu noti, irin na Owode Onirin ko na cikin garin Ikorodu, ka sayo masu lamba 8.8 a ka, ka sa washa mai sifirin, ka ɗiga musu gam ɗin noti mai shuɗi ko ka ninka noti biyu. Kafireta ta zauna kusan a miƙe, in ta karkace sosai fetur zai riƙa malala. Salansa kada ta taɓa feda ko taya, ka kuma ƙara mata maƙali a jikin firam don kada nauyinta ya tsinke ƙusoshin bakinta.

7. Kaca da abin ɗame ta

Kacar inji mai lamba 415 ce, ta fi ta feda kauri. Tsaya a bayan keken ka rufe ido ɗaya: ƙaramin sifiroket da babban su kasance a layi guda. Rage tsawon kacar gwargwadon iko, ka bar mata wasan kusan santimita ɗaya sama da ƙasa. Makullin mahaɗarta, rufaffen kansa ya fuskanci inda kacar ke tafiya. Abin da ya fi komai haɗari a kayan nan shi ne ƙaramar tayar da ke ɗame kaca. Maƙalinta kan juya ya faɗa cikin sifok, taya ta ƙame nan take, mahayi ya kifa. Kai wa mai walda ya yi maka doguwar ƙafar ƙarfe da za ta kama bututu biyu na baya, yadda ba za ta iya juyawa ba. Murfin kaca kuma kada ka jefar da shi. Mu masu doguwar riga ne, bakin jallabiya ko wando in ya shiga kaca ba ya fita da daɗi.

8. Birki biyu masu kamawa kafin ka tayar da inji

Duk tudun da ka hau, sai ka sauko shi, ga nauyin inji ga na kaya. Dole birkin gaba da na baya su kasance lafiyayyu, na gaban ma shi ke yin mafi yawan aikin tsayarwa. Birki mai faranti ya fi, musamman daga Afrilu zuwa Yuli da ruwa ke zuba, domin robar da ke matse bakin wili tana santsi in ta jiƙe. Hannun kuloci zai cinye gurbin birkin hagu, saboda haka nemi hannun birki mai jan waya biyu ka sa a dama, ko ka jera biyun yadda yatsunka za su kai ga kowanne. A doguwar gangara kada ka saki totur ka bar inji yana riƙe keken. Man da ke shafa fistan tare da fetur yake shiga, in ka rufe totur taya na jan inji da gudu, a bushe yake aiki. Kama kuloci, bar shi a silo, ka riƙa taɓa birki kana saki don kada ya yi zafi.

9. Gauraya fetur da mai da awo

Nan ne ɗabi'ar masu janareto ke kashe inji: a tsiyaya baƙin mai da ido, ko ma wanda aka juye daga mota. Sayi man 2T na babur, ka nemi sirinji ko murfin maganin tari mai awo. A tanki huɗu na farko, sa mililita 50 a kowace lita. Bayan haka ka koma mililita 40, in man mai kyau ne kana iya sauka zuwa 32. A jarka ake haɗawa a girgiza, sannan a zuba a tanki. Sabon tanki yakan zo da tsatsa da ɓurɓushin ƙarfe, ka ɗauraye shi da ɗan fetur, ka sa ƙaramar filta a tiyo. Tankin kusan lita 2 yake ci, lita guda kuma takan kai kilomita 35 a miƙaƙƙiyar hanya, tudu da kaya suna rage hakan. Guji fetur ɗin bumburutu, na gidan mai ya fi aminci. Idan ka ajiye keke, rufe famfon tanki.

10. Lallaɓa sabon inji kafin ka kai shi tudu

Ba a tayar da shi da kik. Kama kuloci, taka feda har keke ya ɗauki gudu, sannan ka saki kulocin a hankali kana ci gaba da takawa. Da safe ka ja cok, ya kama ka mayar. A tankunan farko kada ka wuce kilomita 25 a awa, kada ka murɗe totur har ƙarshe, kada kuma ka daɗe a gudu ɗaya. Yi minti 15 zuwa 20 ka tsaya ya huce. Wannan ne lokacin da ringi ke zama a mazauninsa, sannu kuwa ba ta hana zuwa. Bayan kowace fita ta makon farko, bari ya yi sanyi, ka bi notocin kan silinda huɗu da sifana a gicciye, sannan na maƙali, na salansa da na sifiroket. Sabuwar kaca tana miƙewa, ita ma ka duba ta.

11. Saita kafireta da kunne da launin fulogi

Gibin fulogi ya zama milimita 0.6 zuwa 0.7. Bayan tafiya mai ɗan nisa, kashe inji ka cire shi ka duba bakinsa. Ruwan ƙasa-ƙasa, saiti ya yi. Baƙi mai maiƙo, fetur ya yi yawa, za ka kuma ji injin na ɓarɓar yana hayaƙi. Fari fat, fetur ya yi kaɗan, wannan ne mai ƙona fistan. Gyaran yana jikin allurar kafireta. Kwance murfin sama ka zaro ta, za ka ga tsagi-tsagi a kanta da ɗan makulli. Matsar da makullin sama, fetur ya ragu. Matsar da shi ƙasa, ya ƙaru. Tsagi ɗaya kawai za ka motsa, ka gwada a kan tudu guda da ka saba, ka sake duba fulogi. Ga mai hawan tudu, gara fetur ya ɗan yi yawa da ya yi kaɗan, domin shi ke sanyaya inji a lokacin wahala. Saitin Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, ba zai yi a Legas da ke bakin teku ba, iskar nan ta fi kauri, ta fi neman fetur. Idan silo ya ƙi sauka, iska ce ke shiga ta wuyan kafireta, sai ka toshe. Wanke soson iska duk mako biyu, ka kuma shafa silikon a murfin magneto da ramin wayoyinsa, domin ruwa na shiga nan wuta ta ɗauke.

12. Yadda ake hawa, da abin da ya shafi iyali

Tunkari tudu da ɗan gudu. Da ka ji muryar inji ta fara nauyi, taimaka masa da feda, ba abin kunya ba ne, don haka aka bar fedar. Kada ka riƙe kuloci rabi da rabi don ya ƙara ƙara, cinye shi za ka yi cikin kwanaki. Kada ka yi goyo, firam da sifok na mutum ɗaya ne. Hular kwano, wadda hukumar kiyaye haɗurra ta wajabta wa masu babur tun Janairun 2009, da fitila gaba da baya, da takalmi rufaffe, duk suna cikin kuɗin haɗawa.

A gida kuma, uwargida ta san inda jarkar fetur take, nesa da risho, gas da murhu, a rubuce a jikinta don kada a ɗauka kananzir ne. Kada a tayar da inji a ɗaki ko a rufaffen zaure, hayaƙinsa irin na janareto ne da ke kashe mutane cikin barci. Salansa tana daɗewa da zafi, a jingine keken inda yara ba sa wasa. Kada ka fasa cikin salansa don ta yi ƙara, a gidan haya haƙƙin maƙwabci yana kanka. Sa masa kwaɗo, kada yaro ya sulale da shi.

Ɗan'uwa, in kuɗinka bai kai ka haɗa da birki mai kyau, sifiroket na tudu da hular kwano ba, ka dakata har ya kai, araha ba ta ado. Wanda ya riga ya haɗa nasa kuma, ya ware safiyar Asabar ɗaya a kowane mako ya bi noti, kaca, sifok da birki. Allah Ya tsare hanya, Ya sa albarka a nema.